Ɗakin Lambatu Ya Yi Tsawo

Ba da sunan Lambatu uwarsa ta haife shi ba, amma ita kanta kafin ta mutu da shi take kiransa. Sana'arsa haƙa magudanar ruwa. Duk inda ruwa ya kwanta ya ƙi tashi, bayan kasuwa ne, ƙofar makaranta ce, ko gonar wani mai rabon wahala, sai a ce a nemo Lambatu. Zai zo da shebur a kafaɗa, diga a hannu, igiya naɗe a ƙugu. Ba ya doguwar gaisuwa. Zai tsaya ya ƙura wa ruwan ido kamar wanda ya ritsa ɓarawo a ɗakinsa, ya kafa turke nan, ya kafa can, ya ja igiya, ya tofa yawu a tafin hannu. Kafin rana ta karkata ruwan ya tattara nasa ya nasa ya bi hanyar da aka nuna masa. Ramin Lambatu miƙe yake sambal, gefensa sumul kamar an yanka sabulu da wuƙa. Mai aski na bakin tasha, wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi, yakan ce ranar da Lambatu ya fara yi wa mutane aski da shebur, shi kam ya rufe shago.

Abu ɗaya Lambatu yake so a duniya, kuma kowa a garin ya sani, don ya faɗa har kunnuwa sun gaji. Yana son ƙasa tasa ta kansa, wadda za a binne shi a cikinta.

Dalilin kuwa ubansa ne. Shi ma ɗan ƙwadago ne, ya yi ta noma gonakin mutane har ranar da ya faɗi a tsakiyar gonar wani da fartanya a hannu. Aka binne shi a gefen gonar, don mai ita ya ce babu laifi. Bayan 'yan shekaru gonar ta canja hannu, sabon mai ita ya kawo tarakta. Lambatu, lokacin yana saurayi, ya je ziyarar kabarin, ya tarar masara ta yi kore shar a kan ubansa, ta ma fi ta ko'ina kyau. Mai gonar mutumin kirki ne, har ya karya masa goyo biyu ya ce ya tafi da su. Lambatu ya karɓa, don yunwa yake ji. Wannan karɓar ce ba ta taɓa barinsa ya sake ba.

Garin nasu a gindin wani dogon dutse yake. Wata ƙorama tana saukowa daga samansa, rani da damina ba ta fashi. Ruwanta launin shayin da ba a sa wa madara ba, amma garau, ga sanyi kamar ya fasa haƙori. A bakin ƙoramar matar Lambatu take wanki, na mutane, da shi suke cin abinci in ruwa bai kwanta a ko'ina ba. Kumfa ake kiranta, saboda ba a taɓa ganin hannunta babu ita ba. Allah bai ba su haihuwa ba, sai suka mai da junansu abin raino da abin zagi.

Kumfa tana da wa, Mai-Shanu, wanda tun ranar aurenta yake kallon Lambatu kamar ƙudan da ya faɗa masa a nono. Shi ne ke da filin da ke saman dutsen. In ka hau can, inda gajimare ke sauka ya kwanta kamar bai da gida, za ka tarar da wani dausayi shimfiɗe, ciyawa da gansakuka sun rufe shi. In ka taka, ƙasar sai ta lotsa kamar katifa, ruwa ya tsatso ta tsakanin yatsun ƙafarka. In ka yi tsalle a nan, mutumin da ke can nesa sai ya ji ta motsa. Shanu biyu na Mai-Shanu suka shiga suka nutse yana kallo, ko ƙaho bai dawo gida da shi ba.

Wata rana a shagon mai aski, Lambatu ya sake ɗauko zancensa na ƙasa da kabari. Mai-Shanu yana kan kujera, an shafa masa kumfa a haɓa.

"Kai mijin ƙanwata," in ji shi, "ka ishe mu. Ƙasa kake nema? Ga ta can a sama. Na ba ka, halak malak, ga shaidu. In ka haɗu da shanuna a ciki ka gaishe su."

Aka kwashe da dariya. Mai aski ya ce, "Ai ka taimake shi, ranka ya daɗe. Can ba sai an haƙa masa kabari ba. Tsayawa kawai zai yi, wurin ya ƙarasa aikin."

Lambatu bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaya, na karɓa, na gode." Washegari ya sari doguwar gora ya hau dutsen. Ya soka ta a dausayin, ta shige duka kamar an tura cokali a kunu. Ya ɗaura wata a kanta ya sake turawa, ita ma ta bi 'yar'uwarta, bai taɓo ƙasan ba. Ya zauna a kan wani falalen dutse a bakin wurin yana murmushi shi kaɗai. Da ya sauko ya ce wa matarsa, "Ke Kumfa, zurfin ƙasar nan, ko raƙumi a tsaye sai a binne shi."

"To Allah ya kawo raƙumin," in ji ta. "Ni dai kada ka taɓa mini ruwa."

"Ina ruwan ruwanki da nawa? Naki a ƙasa yake, nawa a sama."

Ta dube shi, ta dubi dutsen, ta ci gaba da cuɗa rigar wani.

A rayuwarsa bai taɓa aiki mai kyan wannan ba. Ya ja babban lambatu daga tsakiyar dausayin har bakin gangare, ya yi masa 'ya'ya hagu da dama kamar ƙashin kifi. Ƙasar baƙa ƙirin ce, ga laushi, shebur yana shiga babu gardama. In ka matse ta a hannu ruwa ne ke zuba, abin da ya rage sai ka ga saiwoyi da karan ciyawa a cakuɗe kamar garin taba. Ruwa ya yi watanni yana gudu dare da rana. Lambatu yana tsaye a kansa da hannu a ƙugu yana cewa, "Yauwa, fice. Haya ka biya?"

Da wurin ya tsane ya shuka dankali. Jama'a, dankali ya yi! Kowane ɗaya kamar kan jariri. Direbobin manyan motoci suka fara tambayar hanyar dutsen. Lambatu ya sayi sabuwar hula. Ya gina ɗaki ɗaya a kan falalen dutsen nan, don baƙar ƙasar ba ta ɗaukar gini, dokin ƙofar daidai da fuskar gonar, yadda in ya fito da safe ƙafarsa ta farko a kan ƙasarsa za ta sauka. A gefen ɗakin ya ja igiya ya kafa turaka huɗu na kabarinsa, tsawon mutum da faɗinsa, ya hana a shuka komai a ciki. Nan yake zama ya sha iska da yamma.

Masu dariya suka haɗiye dariyarsu suka hau dutsen. Wannan ya yanki gefe, wancan ya yanki gefe, duk kuma Lambatu suke kira ya kore musu ruwa. Mai-Shanu, da baƙin cikin kyautar da ya yi ya kusa kashe shi, ya kora garkensa can, tunda yanzu wurin ba ya haɗiye saniya. Kofato ya tattake gansakukar, ya daddaɓe ƙasar, ciyawar da ta rage bakin shanu ya gama da ita.

Ƙorama ce ta fara magana. Da damina sai ta sauko a guje, baƙa, da hauka, ta kwashi bokitin Kumfa da zanin gadon matar wani ɗan kasuwa ta yi gaba. Da rani kuwa sai ta rame kamar zare, daga baya ta ɗauke ƙafa gaba ɗaya, abin da tsofaffin garin ba su taɓa gani ba. Mata suka koma tonon yashi suna jiran ruwa ya tsatso.

"Malam na sama," in ji Kumfa, "ruwan naka da ba ruwansa da nawa, ya tafi da nawa."

"Zamani ne ya canja. Ko'ina haka ake fama."

"Zamanin shebur gare shi?"

Sai kuma ɗakin ya fara tsawo. Lambatu ya fito wata safiya ya ji ƙafarsa ta ɗan yi nisa kafin ta taɓa ƙasa. Ya ce ko barci ne bai sake shi ba. Shekara ta zagayo, sai da ya ajiye dutse a bakin ƙofa don takawa. Daga dutse aka koma matakala, daga matakala aka ƙara mata wata, aka ƙara wata. Turakan kabarinsa, da ya buga har wuya, suka fito suka yi zaƙo-zaƙo kamar haƙoran tsoho. Labari ya kai bakin tasha.

"Lambatu, an ce ɗakinka girma yake yi," in ji mai aski. "Wane taki kake sa masa? Ka sam mini, shagon nan ya yi mini kaɗan. In ya kai bene ka ba ni hayar ƙasan."

A wannan tsakanin wata malama ta zo daga wata makaranta mai nisa, da takalmin roba har gwiwa da doguwar sandar ƙarfe da ake haɗawa gaɓa-gaɓa. Ta yi kwanaki tana soka sandar a ƙasa tana zaro baƙar laka tana dubawa. Da ta ga matakalar ɗakin Lambatu sai ta tsaya cak.

"Baba, da ka gina ɗakin nan, ina ƙasar take?"

Ya nuna mata dokin ƙofa, wanda yanzu ya kai ƙugunta.

Ta yi masa bayani a hankali, da ladabi. Ta ce wannan ba ƙasa ba ce irin ta gindin dutse. Ciyawa ce da gansakuka da suka mutu tun kafin kakannin kakanninsa, suka taru bisa juna, ruwa da sanyi suka hana su ruɓewa. Ta ce wurin kamar soso yake, ya sha ruwan damina ya riƙe, ya riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan, shi ne ƙoramar garin. In aka janye ruwan, iska ta shiga, sai abin ya fara ruɓewa yana tashi sama, wani irin hayaƙi da ido ba ya gani, irin wanda ke ƙara wa duniya zafi. Ta ce ɗakinsa bai motsa ba, gonar ce take tafiya.

"Tafiya ina, 'yata?"

Ta nuna sama.

Lambatu ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ga ɓarawon kaza, ya ga ɓarawon akuya, bai taɓa jin iska ta saci gona ba. Kafin ta tafi ta ce masa abu ɗaya take roƙonsa, don girman Allah kada ya kusanto da wuta nan. Ya ce ya ji. A bakin tasha kuwa ya kwaikwayi tafiyarta cikin takalmin roba, aka sha dariya, har mai aski ya yanki kunnen wani.

Dankalin ya fara ƙanƙancewa. Daga kan jariri ya koma ƙwai, daga ƙwai ya koma abin da ko akuya sai ta yi shawara. Saman ƙasar ya zama gari, in ka zuba masa ruwa sai ya gangare ya ƙi shiga. Ciyayi masu ƙaya suka mamaye kunyoyin. Lambatu ya san maganin gonar da ta gaji, ubansa ya koya masa, kowa a gindin dutse haka yake yi: a tara busasshen ganye da ciyawa a ƙarshen rani, a cinna musu wuta, toka ta zama taki, ƙwari su mutu, wuta ta cinye abin da ke sama ta mutu da kanta kafin la'asar. Ya yi haka a gonakin mutane ba adadi. Ya share gefe-gefe tsaf don kada ta tsallaka, ya duba inda iska ke kaɗawa, ya ƙyasta ashana.

Wutar ta ci abin da ke sama, ta mutu kafin la'asar, kamar yadda ya sani. Ya shiga ɗaki ya kwanta da farin ciki.

Da safe hayaƙi yana fitowa daga ƙasa. Ba harshen wuta, ba ƙara, wani siririn farin hayaƙi kawai, nan da can. Ya taka wurin da ƙafa don ya kashe, ƙafar ta burma har ƙwauri cikin garwashi. Ihun da ya yi sai da shanun Mai-Shanu suka watse. Wutar ba ta mutu ba, shiga ciki ta yi. Ƙasar da kanta take ci.

Ya ɗauki bokiti ya fita da gudu da ɗingishi. Nan ne abin ya zama na kallo. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana korar ruwa, ga shi yana zagaya saman dutse yana leƙa lambatu bayan lambatu, kowanne a bushe ƙayau, miƙe sambal, sumul, aikin gwani. Ya sauka ƙorama, ya tarar da layin mata a kan ramin yashi. Ya roƙi a bar shi ya ɗiba. Wata tsohuwa ta ce, "Bi layi, ɗan nan. Wanda ya kawo mu nan ma layi zai bi in ya zo."

Ya haƙa rami don ya tare wutar, ta bi ta ƙarƙashi ta ɓullo a bayansa. Ya danne ta da ƙasa, ashe abinci yake ƙara mata. Ta tsallaka zuwa gonakin maƙwabta. Ta ƙona ƙafafun shanu, Mai-Shanu ya hau dutsen da sanda, sai da aka riƙe shi. Hayaƙin ya sauko ya zauna a kan garin wata da watanni, mai ɗaci, mai shiga maƙogwaro. Yara suka kama tari. Duk rigar da Kumfa ta wanke ta shanya sai ta koma wa mai ita tana warin ƙauri. Masu kawo wanki suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Takan ajiye masa abinci ta ce, "Ci. Da ɗan gishiri kaɗan, hayaƙin zai cika sauran."

Damina ce ta kashe wutar, ita ma ba da wuri ba. Abin da wuta ta bari jar toka ce, ruwan sama kuwa ya tarar da hanyoyi a shirye. Lambatun nan masu kyau suka kwashi tokar da sauran ƙasar suka sauke su gari a 'yan kwanaki. Ambaliyar ta rushe gadar ƙorama, ta cika kasuwa da taɓo, ta cinye rabin maƙabarta har aka hana binne kowa a wurin. Da gari ya lafa Lambatu ya tsaya a ƙofar ɗakinsa, can sama kamar mai gadi a hasumiya, yana kallon gonarsa. Dutse ne, fari tas, an wanke shi kamar Kumfa ce ta cuɗa.

Bayan shekara malamar ta dawo da mutanen hukuma da katakai da buhuna. Aka hana noma da kiwo a saman dutsen. Za a toshe lambatu duka don ruwa ya sake kwanciya a ɗan abin da ya rage. Ana neman leburori. Lambatu ya shiga layi, don wanki ya mutu, ciki kuma bai mutu ba. Shi aka sa a gaba, tunda ya san inda kowane rami ya bi. Ya riƙa gicciya katako a cikin aikin hannunsa yana danna laka da ƙafar da ta ƙone. Ya yi aikin da kyau, don bai iya yin aiki ba kyau ba. Mai aski ya ce a tarihin garin ba a taɓa samun mutumin da aka biya sau biyu a kan rami ɗaya ba.

Ruwa ya fara taruwa a bayan katakan. Gansakuka ta ɗan leƙo. Wata rana ya tari malamar.

"'Yata, yanzu da ruwan ya dawo, ƙasar za ta dawo?"

"Za ta dawo, Baba."

Fuskarsa ta washe. "Zuwa yaushe za ta kai dokin ƙofata?"

Ta kama hannunsa ta nuna masa kaurin farcen babban yatsansa. Ta ce in an yi sa'a, kamar haka a shekara.

Ya dubi farcen, ya dubi matakalar. Bai yi karatu ba, amma bai ƙara tambaya ba.

Tarin da ya kwasa a hayaƙin bai sake shi ba, shi ya kai shi ƙasa bayan 'yan shekaru. Kafin ya cika ya riƙe hannun Kumfa ya ce a binne shi a sama, tsakanin turakan nan. Ta ce ta ji. Ta tsaya kai da fata, maza suka ɗauki gawa suka hau dutse suna haki suna tsine wa hanya a zuci. Turakan sun daɗe da faɗuwa, babu abin da zai riƙe su. Aka ɗauki digarsa aka sara a wurin, ta yi ƙara ta yi tsalle. Aka matsa gaba, dutse. Aka matsa gefe, dutse. Inda aka sami ƙasa mai ɗan kauri a bayan katakai ne, can kuwa kana zaro shebur ruwa na cike gurbin, ga shi hukuma ta hana taɓawa.

"Ko mu sa shi a ɗakin mu rufe?" in ji mai aski. Ba wanda ya yi dariya, sai shi ma ya yi kamar tari ne.

Aka sauko da shi. Maƙabarta a rufe take, ana ta rigimar inda za a buɗe sabuwa. Rana tana yi, gawa ba ta jira. Mai-Shanu ya gyara murya ya ce yana da gona a bayan gari, a sa shi a gefe wajen shinge, babu laifi, ai mijin ƙanwarsa ne. Aka yi ta sa masa albarka. Waɗanda suka haƙa ramin ba su ja igiya ba, ya fito a karkace, kai ya fi ƙafa faɗi.

Ƙorama ta ɗan dawo, siririya, ta isa wankin mutum biyu ko uku a rana. Kumfa ta koma bakinta. Da kaka ta yi, sai ga Mai-Shanu da kansa ya zo da kwando a hannu, ya ajiye a gefen dutsen wankinta.

"Ga masara, ƙanwata. Bana ta yi kyau."

Ta ɗauki goyo ɗaya ta auna nauyinsa a hannu. "Ta wane gefe ce, Yaya?"

"Ta wajen shinge. Can ta fi cika ido. Ban san dalili ba, ko taki ban sa ba."

Ta daɗe tana kallon masarar. Tun jiya ba ta ɗora tukunya ba. Ta ɗauraye kumfar hannunta, ta ɗauki kwandon ta aza a ka.